A Sake Shi

Shafi na 19

Kwalabe shida na man shafawar jarirai.
Littafin gwaji mai baƙin bango.
Farar rigar aiki, a naɗe.
Biro biyu.
Takardar kira zuwa ofishin Manaja, ƙarfe goma.

Su ke nan a jakar da ta ɗora a cinya. Tasi ta maƙale a cunkoso, direba yana ta danna oda kamar odar ce za ta ɗage motar gabansa.

Kwalaben da kanta ta saye su da safen nan, a shaguna uku. Kowace sai da ta juya gindinta ta duba. Lamba ɗaya ce, 41.

Haɗi na 41 bai kamata ya ga titi ba. Ranar Alhamis ta gwada shi sau biyu a ɗakin gwajin kamfani, duka biyun ya nuna kaifinsa ya wuce kima. Babba zai ji ɗan raɗaɗi ya manta. Jariri kuwa fatarsa tashi za ta yi. Ta ɗauki waya ta rubuta a guruf ɗin shugabannin sashe: "41. A sake shi." Ta kashe wayar, ta tafi kwas na kwana biyu.

Jiya Litinin ta shiga sito. Inda aka jibge katan ɗari shida wayam. Har an share wurin.

Wayarta ta yi ƙara. Umma.

"Kin isa?"

"Ina hanya."

"To ki buɗe kunne. Ban san me ya haɗa ku a wurin aikin nan ba, ba na ma son sani. Amma ƙanena bai sa komai a bakinsa ba tun jiya."

"Umma, maganar aiki ce."

"Ke ai komai maganar aiki ce. Mutumin nan tun Asabar ba shi da sukuni. 'Yarsa ta sayo wa jaririnta mai a shagon bakin layi, ya fizge kwalbar a hannunta ya wurga a shara, yana ta faɗa kamar guba ta sayo. Yaushe kika taɓa jin kawunki yana faɗa?"

Ta gyara zama.

"Asabar kika ce?"

"Asabar mana. A gabana aka yi."

"Wane irin mai?"

"Naku na kamfani. Ke, ina miki maganar ɗan'uwana kina tambayata mai?"

"Na ji, Umma."

"Kin ji, ko dai kin ji?"

"Na ji."

Ta kashe. Ta zuba wa ƙeyar direba ido har suka fita daga cunkoson.

A bakin get masu lodi suna zaune a kan katako. Suna ganinta hira ta mutu. Sai da ta wuce wani ya ce, ba da ƙarfi ba, ba kuma a ɓoye ba, "A-Rubuce ta iso."

Sunan da suka laƙa mata ke nan. Wata bakwai da dawowarta daga karatu a waje, kuma a makon farko ta manna takarda a allon sanarwa mai doka uku. Ba umarni ta waya. Ba saƙon murya. Ba gaisuwa a guruf ɗin aiki. Duk mai magana ya rubuta. Tana da dalilinta, don ta tarar da kamfani ana tafiyar da shi da "ai na ce" da "ban ji ba". Amma ba ta faɗa wa kowa dalilin ba. Manna takarda ta yi ta wuce.

Ta sa farar rigar a kan matakala, ta tura ƙofar ɗakin taro.

Mutum uku ne. Manaja a babbar kujera, yana juya zoben yatsansa. Shugabar sashen ma'aikata a damansa, wadda kowa ke kira Anti Fayil, yau ma da fayil a ƙirjinta. Can ƙarshen tebur Kawu, mai sito, shekara ashirin da biyu da mabuɗan kamfani a ƙugunsa. Bai ɗago ba.

"Ina kwana," ta ce.

"Au," in ji Manaja. "Yau an dawo da gaisuwa? Anti, ki sa wannan a fayil."

Anti ba ta yi dariya ba, amma bakinta ya motsa.

"Zauna, Malama."

Ta zauna. Manaja ya turo wata takarda tsakiyar tebur. Saƙonta ne aka buga da manyan baƙaƙe, ya cika shafi guda. 41. A SAKE SHI.

"Naki ne?"

"Nawa ne."

"Karanta mana."

"Arba'in da ɗaya. A saake shi." Ta ja kalmar yadda take nufinta. "A koma a yi sabo. Bai ci gwaji ba."

"Anti, ke karanta."

Anti ta gyara tabarau. "A sake shi." Ta datse kalmar, gajere, irin yadda ake cewa a saki tsuntsu. "A bar kaya su fita."

Manaja ya buɗe hannuwa. "Kin gani? Mace biyu, duk masu ilimi, takarda ɗaya."

Ta gani. Tun jiya take gani. Kalma ɗaya ce a takarda, biyu a baki. In ka ja ta, maimaitawa ce. In ka datse ta, saki ne. Biro kuwa ba ya ja, ba ya datsewa. A can inda ta yi karatu ba a taɓa koya mata wannan ba, don ba da Hausa ake rubutu a can ba.

"Yallaɓai, duk wanda ya san aikin nan ya san me nake nufi."

"Ta yaya? Ta mafarki?"

"Da an tambaye ni."

"Da me? Da waya?" Ya juya wajen Anti. "Karanto mana dokar Malama ta ɗaya."

"Ba umarni ta waya," in ji Anti, ba ta ko buɗe fayil ba.

"Ta biyu."

"Ba saƙon murya."

"Da murya kika turo, Malama, da yanzu muna shan shayi. Ke kika yanke wa kamfanin nan harshe. Yanzu kina so takarda ta yi magana."

"Ana iya rubuta tambaya."

"Wayarki a kashe take kwana biyu. Motoci huɗu a bakin sito. Direbobi su yi ta zama har ki gama kwas?"

"Eh."

"Eh?"

"Eh. Su yi ta zama."

Ta zuge jaka. Ɗaya bayan ɗaya ta jera kwalaben shida a kan tebur, ta juya gindinsu wajen Manaja.

"Shago uku na shiga yau, duk yana kan kanta. Mai shago na biyu ta nuna min hoton wuyan wata jaririya. Uwar ta dawo mata da kwalba jiya tana zagi."

"Ƙurajen zafi ne. Kowane yaro yana yi."

Ta buɗe kwalba ɗaya ta tura masa.

"Bismillah. Naɗe hannun riga ka shafa a cikin gwiwar hannu. Minti goma kawai."

"Ki iya bakinki."

"Man jarirai ne, Yallaɓai. Me zai yi wa babban mutum?"

"Ke!" Anti ta buga fayil a tebur. "Ko a can ɗin haka aka koya miki yi wa shugaba magana?"

"A can an koya min kaya ba sa fita sai da koren fom mai sa hannun mai gwaji. Nan ma haka dokar take, Anti, tana cikin fayil ɗinki. Ko da saƙona ya ce a saki, saƙo ba fom ba ne. Ina fom ɗin?"

Fanka tana juyawa a sama da ɗan ƙara.

Manaja ya yi murmushi. Sai a lokacin ta gane nan yake jiran ta iso.

"Madalla. Abin da ya tara mu ke nan."

Ya miƙa hannu, Anti ta zaro takarda biyu. Ya ajiye ta farko a gabanta. Koren fom. An riga an cike shi da na'ura: haɗi na 41, ya ci gwaji, kwanan watan Alhamis. Layin ƙasa ne kawai babu komai.

"Ki sa hannu a nan, magana ta mutu. Wata biyu kayan sun ƙare a kasuwa. Ba wanda ya ji, ba wanda ya gani."

"Ƙarya ce a rubuce."

"Ai ke kike son a rubuce."

"Lasisina ne a kai. Ran da hukuma ta ɗauki kwalba ɗaya ta gwada, sunana za ta gani."

"Hukuma tana da aikin yi."

"Ba zan sa ba. In kora ce, a ba ni takardar."

Ta miƙa hannu ga ta biyun, farar takarda. Tun a tasi ta shirya wa wannan. Manaja ya danne takardar da yatsa ɗaya.

"Wa ya ce taki ce?"

Ya tura ta can ƙarshen tebur. Ta tsaya daidai gaban Kawu.

"Ke kika faɗa da bakinki, kaya ba sa fita sai da fom. To sun fita ba fom. Wa ke riƙe da mabuɗi? Ni? Anti?" Ya girgiza kai. "Ke kuskuren rubutu kika yi, gargaɗi ya ishe ki. Baba Mai Sito kuwa doka ya karya. Kora ce, ba sallama ba. Wata takwas ya rage masa ya yi ritaya, ko Anti?"

"Wata takwas da kwana tara."

"Kin ji."

Ta dubi Kawu. Hannuwansa suna kan tebur, a haɗe, takardar tana taɓa yatsunsa. Bai karanta ba. Bai ture ta ba.

"Baba Mai Sito," in ji Manaja, "kana da magana?"

"Babu, ranka ya daɗe."

"Yaya ka karanta saƙon?"

"Yadda Anti ta karanta."

"To." Manaja ya miƙe, ya duba agogo. "Goma da rabi. Sha biyu zan zo ɗakin gwaji da kaina. Ko kore ya samu sa hannu, ko fara. Ku je ku yi shawara, ai 'yan gida ɗaya ne." Ya nuna kwalaben da haɓa. "Ki kwashe min shagon nan daga tebur."

Kawu ya riga ta fita. Ta bi shi ta bayan ɗakin injuna, ta tsallake tiyo da durom, har sito. Ya shige tsakanin layukan katan, ya ɗauki allon ƙirga yana dubawa kamar akwai abin dubawa.

Ta tsaya a bayansa.

"Kawu."

"A nan Mai Sito ne."

"Kawu, me ya sa ka jefa man 'yarka a shara ranar Asabar?"

Hannunsa ya tsaya a kan allon.

"Wa ya faɗa miki?"

"Umma."

"Yayata ba ta iya riƙe ruwa a baki ba."

"Ni sai jiya na san kayan sun fita. Ƙorafin farko jiya ya zo. Kai tun Asabar ka san kwalbar nan ba ta jariri ba ce. Ta yaya?"

"Warinsa ne bai yi min ba."

"Kawu."

"Na ce warinsa."

"Gindin kwalbar ka duba."

Ya ajiye allon a hankali. Ya juyo. Idanunsa sun yi ja, amma ba na kuka ba.

"To na duba. Sai me?"

"Ka san me na rubuta."

"Na sani mana! Ni na koya miki magana. Ko tari kika yi na san me kike nufi. Ina ganin saƙon na ji muryarki a kunnena, saake, kamar kina tsaye a nan."

Ta dafa katan ɗin da ke kusa da ita.

"To me ya faru?"

Ya leƙa bakin ƙofa. Masu lodi suna can nesa. Ya rage murya.

"Juma'a da safe motoci suka jeru. Na ƙi buɗewa. Manaja ya sauko da kansa, ya tsaya nan inda kike. Ya ce me ake jira. Na ce mai gwaji ta yi magana. Ya ce karanta min. Na karanta masa, a saake shi."

"Sai?"

"Sai ya ce, Baba, kunnena bai ji da kyau ba, karanta da kyau."

"Ka maimaita."

"Na maimaita. Ya ce har yanzu bai ji ba. Ya ce in duba sosai, tsufa yana taɓa ido, kuma kamfani ba ya riƙe mai sito da ba ya gani." Ya sunkuyar da kai. "Na uku na datse ta."

"Ya ce me?"

"Ya ce yauwa. Ya juya ya tafi. Ko hannu bai ɗaga ba."

"Akwai wanda ya ji?"

"Sai katan."

"Ya rubuta wani abu?"

Kawu ya yi wata dariya marar daɗi.

"Shi? Mutumin nan shekara goma sha ɗaya ina aiki da shi, ban taɓa ganin rubutunsa a kan abin da zai iya kama shi ba. Ke kaɗai ce kike rubutu a gidan nan. Shi ya sa ke kaɗai aka buga a takarda."

"Ka zo mu je wurin Anti ka faɗi wannan."

"Anti wadda ta buga koren fom da hannunta?"

"To ka rubuta, ka sa hannu, in haɗa da rahotona."

"Ka rubuta!" Ya tafa hannu sau ɗaya. "Ga ta nan. Har yanzu ba ki gaji ba."

"Kawu, da ka kira ni. Da lambar ofishin kwas ɗin tana allon sanarwa. Kira ɗaya."

"Na taɓa kiran ki."

"Yaushe?"

"Watanki na biyu. Jarkokin sinadari suka iso, biyu suna yoyo. Na kira ki, hannuna da safar roba, na sa waya a sifika, masu lodi takwas suna tsaye. Na ce, Uwata, ki zo ki ga wani abu. Kin tuna me kika ce?"

Ta tuna.

"In tuna miki? Kika ce, Malam Mai Sito, ka rubuta a guruf. Kika kashe." Ya nuna bakin ƙofa. "Har yau yaran can in na aike su sai su ce, Baba, ka rubuta. Sunan mahaifiyata gare ki, ban taɓa iya kiran sa ba tun ranar da aka haife ki. Ke kuwa a gaban lebura kika mayar da ni Malam."

"Ina so ne kada a ce ina fifita ka."

"To ba a ce ba. Kin huta."

"Ban yi daidai ba a wannan."

"Yau kika sani?"

"Yau na faɗa."

Ya kawar da kai. Wata motar ɗaukar kaya ta wuce a waje tana ƙara, suka jira ta yi nisa.

"Amma fushi da ni bai kai ka buɗe ƙofar nan ba," ta ce. "Ka ceci jikanka. Na sauran mutane fa?"

"Kada ki fara."

Ta ciro waya, ta buɗe hoton da mai shago ta tura mata. Wuyan jaririya, ja wur, fatar ta yi ruɗu-ruɗu har bayan kunne. Ta miƙa masa.

"Duba."

"Ba zan duba ba."

"Wata huɗu gare ta. Duba, Kawu."

"Na ce ba zan duba ba!" Ya ture hannunta, wayar ta kusa faɗuwa. "Kina tsammanin barci nake yi? Ke kina da takardu. Su kore ki yau, gobe ki shiga jirgi ki koma inda kika fito. Ni in je ina? Shekara sittin ba ɗaya, da takardar kora a hannu. In ce wa 'ya'yana me?"

"Ka ce musu an tilasta ka."

"Wa zai shaida? Katan?"

Ya matso kusa. Muryarsa ta sauka, ta koma irin wadda ya saba yi mata tana ƙarama, in ta ƙi shan magani.

"Uwata. Ban taɓa roƙon ki komai ba. Ran da babanki ya rasu ni na ɗauke ki daga makaranta a bayan babur. Ni na tsaya gaban mutumin nan na ce ga 'yata ta dawo da ilimi, a gwada ta. Ba gori nake miki ba. Layi ɗaya ne. Ki ja biro, mu koma gida."

"Kayan kuma?"

"Za su ƙare."

"A jikin wa?"

Ya kai hannu ga allon ƙirga.

Ta dubi teburinsa na ƙarfe a bakin ƙofa. Littafin fitar da kaya yana kai, wanda ake rubuta kowace mota da kowane shagon da aka sauke wa.

"Ba ni littafin Juma'a."

"Ki yi me da shi?"

"In san inda katan ɗari shida suka je."

"Sai kin sa hannu."

"Kawu, da ni kake ciniki?"

"Ke kika koya min. Ba fom, ba kaya."

Suka tsaya suna kallon juna. Ta taka zuwa teburin. Bai motsa ba. Ta ɗauki littafin, ta buɗe shafin Juma'a, ta ɗauki hotonsa da waya. Shafi uku ne. Tana jin numfashinsa a bayanta. Bai hana ta ba, bai kuma ce ta ɗauka ba.

Ta rufe littafin ta mayar inda yake.

"In kika fita da hoton nan," in ji shi, "kada ki ƙara taka gidana."

"Na ji."

"Ki faɗa wa uwarki da bakinki. Kada ki rubuta mata."

Ɗakin gwaji yana da sanyi da warin sabulu. Ta zauna gaban kwamfuta, ta buɗe littafinta a shafin Alhamis. Sakamakon yana nan da rubutunta, layi biyu, da lokaci da komai. A nan ta yi bayani dalla-dalla, a littafin da ba mai karantawa sai ita. Ga mutane kuwa kalma uku ta jefa musu.

Ta fara bugawa. Ta goge. Ta sake farawa. Kowace jimla sai ta karanta ta a fili, sau biyu, da murya biyu, ta ji ko akwai inda za a iya lanƙwasa ta. "Haɗi na 41 bai ci gwaji ba. Yana ƙona fatar jarirai. Kada a sayar. Kada a shafa. A dawo da shi kamfani." Ta duba "a dawo". Ta duba "kada". Ba su da fuska biyu.

Umma ta kira. Ta bar wayar ta yi ta ƙara har ta gaji. Ta sake kira. Sai saƙo ya shigo, na murya, minti uku da rabi. Ba ta buɗe ba.

Sha biyu saura biyar aka ƙwanƙwasa. Ba a jira amsa ba aka tura.

Manaja ne a bakin ƙofa, koren fom a hannu ɗaya, biro a ɗayan, har ya cire masa murfi. Anti a bayansa da farar takardar. Can baya, jikin bango, Kawu, ya cire hularsa yana murza ta.

"An gama shawarar gida?"

Ta taso ta tsaya a ƙofar, ta cike ta.

"Yallaɓai, ranar Juma'a sau nawa aka karanta maka saƙona?"

Zoben ya daina juyawa. Bai waiwaya wajen Kawu ba. Anti ce ta waiwaya.

"Ban san me kike magana a kai ba."

"Sau uku."

"Kina da shi a rubuce?"

"A'a."

"To ba a yi ba. Dokarki ce." Ya miƙo biron har ya kusa taɓa rigarta. "Malama, ki daina wasa da abincin tsoho. Ki dube shi. Ki dube shi da kyau. In na bar nan da fom ɗin nan babu komai a kai, mai gadi ne zai raka shi get, a gaban yaran da yake aika. Kuma ba ni na kore shi ba. Ke ce."

Ta dube shi ɗin. Kawu ya ɗago a karon farko tun safe.

"Uwata," ya ce.

Anti ta yi ƙasa da murya. "'Yar nan, aiki ana samun wani. Kawu ba a samu. Karɓi biron."

Ta sa hannu ta karɓa. Manaja ya saki ajiyar zuciya, ya ɗora fom ɗin a kan fayil ɗin Anti don ta samu wurin dannawa.

Ta mayar wa biron murfinsa. Ta soka shi a aljihun rigar Manaja.

"Me ke nan?"

Ta ja baya taku ɗaya, ta tura ƙofar ta rufe a fuskarsa, ta murza mabuɗi.

Ya buga da tafin hannu. "Ke! Buɗe ƙofar nan! Ɗakin kamfani ne!"

Ta jingina goshinta da katakon. Ta ɗaga murya yadda har na jikin bango zai ji, tana fitar da kowace kalma ita kaɗai.

"Ba zan sa hannu ba. Shago talatin da bakwai ne a littafin Juma'a, yanzu zan fara kiran su daga na farko. In na gama da su, hukuma. Suna uku ne a rahoton, har da naka da na Kawu. Nawa ne a sama."